Ranar da muka kifar da jirgin ceto da gangan, inji kuma ya tashi

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san maganar nan, injin da ya sha ruwa sai dai a kai shi benci. Ni ma a haka na tashi. Na daɗe ina aiki a ɗakin inji na jirgin ruwa, kuma in aka ce min injin kwale-kwale ya faɗa ruwa abun da ke zuwa min a rai shi ne kwance-kwance, cire fulogi, juye baƙin mai, wanke kabureta, in an ci sa'a ya tashi washegari in ba a ci ba a nemo wani. Shi ya sa da aka sa sunana cikin mutum ukun da za su riƙa shiga ƙaramin jirgin ceton nan mai gudu da ke rataye a gefen jirginmu, aka ce sai na je kwas tukuna, na duba takardar na ga wai za a koya mana miƙar da jirgi bayan ya kife harda tada injinsa, dariya kawai na yi. Na ce miƙarwar na yarda, amma inji ya yi minti biyar kansa a cikin ruwan gishiri ƙafarsa a sama sannan a murɗa makulli ya amsa? Wannan kam sai na gani da idona.

Malamin da ya karɓe mu dattijo ne, ba ya da yawan magana, irin mutanen nan da in ka yi tambayar banza sai su dube ka kawai har ka janye ta da kanka. Ranar farko bai kai mu ko bakin ruwa ba. Ya shigo aji da ɗan kofin roba ya ajiye kan tebur ya ce mu kalle shi da kyau, mililita 250 ke nan, kuma a dokar kayan ceton rai ta hukumar IMO mai kula da jiragen ruwa na duniya, in jirgin ceto mai gudu ya kife, fetur ko baƙin man da zai tsiyaye daga injin bai kamata ya wuce cikin kofin nan ba. Dokar ta kuma ce inji ya mutu da kansa lokacin kifewar ko igiyar da ke jikin matuƙi ta kashe shi, kuma bayan an miƙar da jirgin dole injin ya iya sake tashi. Jirgin kansa ko dai ya miƙe da kansa, ko mutum biyu kacal su iya miƙar da shi. Sannan ya iya gudun not 20, wajen kilomita 37 a awa ke nan, da mutum uku a ciki har na awa huɗu. Ya ce mana irin waɗannan jirage an tilasta wa manyan jiragen fasinja masu ɗaukar motoci ajiye su ne bayan nutsewar jirgin Estonia a tekun Baltik a watan Satumba 1994, inda mutum 852 suka rasu, dan a daren nan an ga yanda tsamo mutane daga ruwa mai hauka ya gagara. Daga nan aji ya yi tsit, ni ma dariyar ta koma ciki.

Bayan hutun rana aka kai mu shagon gyara, to nan ne ni na samu abun da na zo nema. Suna da wani inji na gaske mai zagaye huɗu, wato irin wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, an ɗaure shi a kan ƙarfe mai juyawa, yanda mutum ɗaya zai iya murɗa hannu ya kifar da shi gaba ɗaya, kusa da shi kuma wani ƙaton tankin ruwa da kuran, wato na'urar ɗaga kaya masu nauyi, a sama. Malam ya cire murfin injin, ya juya shi ƙafa a sama, ya ce to kai makaniki, faɗa mana ta ina ruwa zai shiga. Na ce ta wajen shan iska mana. Ya ce sai ina? Na yi shiru. Ashe ƙofofin sun fi ƙarfin ɗaya, kuma ban taɓa zama na ƙirga su ba saboda duk rayuwata a tsaye nake ganin inji.

Ka fara da abun da ke kashe inji nan take. Fistan aikinsa ya matse iska da fetur ya mayar da su kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansu, iska tana yarda a matse ta, ruwa kuwa ba ya yarda ko kaɗan. To in inji na gudu ya zuƙi ruwa ko da rabin kofin shayi ne a silinda ɗaya, fistan ya taho da ƙarfinsa ya tarar da abun da ba ya matsuwa, dole wani abu ya ba da kai, kuma yawanci kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistan yana tura shi, shi ne ke lanƙwashewa, wani sa'in ma ya karye ya fasa bulok ya leƙo waje. Malam yana da wani kwanrod ɗin a durowa, ya miƙo mana muka zagaya da shi hannu zuwa hannu, ƙarfen da ko da guduma sai ka yi gumi kafin ka lanƙwasa shi amma ya tanƙware kamar an taka cokali. Ya ce wannan ba kifewa ce ta yi masa haka ba, mai jirgin ne ya danna sitata bayan an miƙar. Ku riƙe maganar nan, zan dawo kanta dan saura kaɗan in maimaita ta da hannuna.

Saboda haka kariya ta farko ba rufe ƙofa ba ce, kashe injin ne tun kafin kansa ya taɓa ruwa. Akwai wani ɗan makunni ƙarami a manne, bai kai akwatin ashana biyu ba, shi aikinsa jin karkata. A da zaiba ake sa wa a cikin ɗan kwalba, in aka karkata ta gangara ta haɗa wayoyi biyu, yanzu kuma na lantarki ake yi ko mai ɗan ƙwallon ƙarfe. Da jirgi ya wuce iyakar da aka sa masa sai ya yanke wutar fulogi da famfon mai. Wahalar tana wajen sa iyakar, dan jirgin ceto a cikin igiyar ruwa kullum karkata yake, yana tsalle yana faɗowa, in makunnin ya cika tsoro zai kashe maka inji daidai lokacin da taguwa ta taso maka kana buƙatar ƙarfi, in kuma ya cika taurin kai sai inji ya shiga ruwa yana numfashi. Bayan shi akwai jar igiyar nan mai kama da wayar tarho ta da, wadda matuƙi ke ɗaurawa a ƙafa ko a jikin rigarsa, da ya bar kujera ta fizge inji ya mutu. Biyun tare suke aiki, in ɗaya ya yi barci ɗayan ya farka. Ba dan inji kaɗai ba ma, farfela mai juyawa a sama mutane suna iyo kusa da ita ai ba a ma son tunaninta.

Sai murfin. Murfin injin da muka saba gani na kare feshin ruwa ne da ruwan sama, yana da ramukan shan iska a buɗe ta baya. Wannan kuwa an liƙe shi, roba mai kauri ta zagaye bakinsa gaba ɗaya, maƙallan da ke riƙe shi sun fi na kullum yawa da ƙarfi, kuma duk inda waya ko tiyon mai ko kebul ɗin giya ya ratsa an cusa masa roba an toshe. Iskar ta hanya ɗaya take shiga, a hanyar kuma akwai bawul mai aiki da nauyinsa kawai, ba lantarki ba komai, inji na tsaye nauyin na riƙe shi a buɗe, da an kifar ya faɗo ya toshe ramin, ruwan da ke danno shi daga waje ma ƙara matse shi yake. Malam ya riƙa juya injin a hankali muna saurare, can sai ka ji ɗan ƙas, shikenan ya rufe. Wallahi abun ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa, na zaci zan ga wata kwamfuta, ashe ɗan ƙarfe ne da roba.

Wanda ban taɓa kawowa a rai ba shi ne salansa. Injin kwale-kwale hayaƙinsa ta cikin ƙafar, wato dogon ɓangaren nan da ke sauka cikin ruwa, yake bi ya fita ta tsakiyar farfela a ƙarƙashin ruwa, sannan akwai wani ɗan rami a sama kusa da murfi inda hayaƙin ke fita in inji na silo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba. A tsaye ba matsala, silinda na sama ruwa na ƙasa. Amma kifar da shi ka gani, silinda ta koma ƙasa, ƙafar ta zama kamar mazurari a tsaye, duk taguwar da ta mari farfela ruwanta gangarowa zai yi, ɗan ramin silo kuma ya nutse, kuma duk inda inji ya tsaya da wuya ka rasa silinda ɗaya da bawul ɗin hayaƙinta ke buɗe tana jira. Shi ma sai an sa masa abun toshewa mai barin hayaƙi ya fita ya hana ruwa komowa. Malam ya ƙara da wani abu, ya ce ku tuna injin nan da zafinsa ya shiga ruwan sanyi, iskar da ke cikin murfi za ta huce ta tsuke, sai murfin ya koma yana tsotso, duk inda ya samu rami ko na allura ne zai ja ruwa ta nan. Wato ba jiran ruwa yake ya shigo ba, kiransa yake.

Baƙin mai kuma nasa rikicin daban. A inji mai zagaye huɗu man yana kwance ne a kasko ƙarƙashin kan injin, da an kifar duk ya kwaranyo ya cika inda bai kamata ba, ya nemi tiyon numfashin karankes, wato tiyon da cikin injin ke fitar da tururi ta nan, ya bi ya shiga hanyar iska, daga nan sai silinda, kuma mai ma ba ya matsuwa, abun da ruwa zai yi shi ma zai yi. Ga famfon mai ya koma yana zuƙar iska, in da inji zai ci gaba da gudu a kife ko ba ruwa sai ya cinye bearin ɗinsa. Dan haka an canja wa tiyon numfashin hanya an sa masa tarko. Tankin fetur shi ma ramin numfashinsa na da bawul dan kar fetur ya fita kar ruwa ya shiga, batir kuma irin rufaffen nan ne a cikin akwati an ɗaure shi da bel, dan batirin da ya tsinke ya faɗo a kife ya gama da kai ko da injin lafiyarsa lau.

Da muke shan iska a waje malam ya ɗan saki jiki ya ba mu labarin inda yawancin dabarun nan suka girma. Ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya da Ayalan, RNLI, wadda aka kafa tun 1824, tana da wata cibiya a Is Kawus a tsibirin Wait inda ake haɗa ƙananan jiragenta ana gyara su, nan suke karɓar injin kasuwa su mayar da shi mai jure kifewa. Jirginsu Atlantic 85 da ya fara aiki a 2005 yana ɗauke da injin Yamaha biyu kowanne mai ƙarfin doki 115, yana kai not 35, yana da jakar iska a kan ƙarfen baya mai miƙar da shi. Shi kansa salon jirgin, mai ƙasan katako ko faiba da tiyon iska a zagaye, a wata makaranta ya samo asali, Kwalejin Atlantik da ke Wels, shugabanta na lokacin Desmond Hoare ya sayar wa ƙungiyar haƙƙin ƙirƙirar kan fam ɗaya tak. Sai kuma ƙaramin nasu, ajin D, mai inji ɗaya na Mariner ƙarfin doki 50, shi ba jaka, ma'aikatan ne ke hawa bayansa su ja igiya su miƙar da shi da ƙarfinsu. A irin waɗannan ƙananan injuna akwai wata hanyar tunani ta daban, maimakon ka yi ta fama da hana ruwa shiga, bar shi ya shiga amma ka shirya ƙofofin korarsa da sauri ba tare da ka kwance komai ba. Kamfanin Barrus na Ingila na da tsarin da suke kira PIRS na wannan aikin. Ni a ganina duk biyun suna da hujja, babban inji mai cike da ƙananan na'urorin lantarki da wayoyi gara a hana shi jiƙewa, ƙarami mai sauƙin ciki kuwa ko ya sha zai amayar in ka san inda za ka taɓa.

Rana ta biyu ce na ji kunya. Malam ya ce kowa zai duba injin ya mayar da murfi da kansa sannan a tsoma a tanki, ni kuma da yake ni ne makanikin ajin sai aka ce in fara. Na duba bawul ɗin iska da yatsa yana motsi, na duba wayoyi, na ɗora murfi na danna maƙallan ɗaya bayan ɗaya, na baya na hagu ya ɗan yi min tauri sai na sa gwiwar hannu na danne shi ya shiga, ban ko ɗaga kai ba. Malam na tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Aka tada injin da tiyon ruwa a ƙafarsa ya yi zafi, aka fara juya shi yana gudu, kafin ya gama kwanciya makunnin ya kashe shi ɗif, wannan ɓangaren ya yi kyau kowa ya yi tafi. Kuran ya ɗauke shi ya sauke kansa cikin tanki. Da farko ba komai. Can sai na ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa a jere daga kusurwa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kuma kusurwar nan ta baya ta hagu ce. Nan na sha jinin jikina. Duk kumfan da ya fito iska ce ta bar wuri, kuma ba wanda zai maye wurin sai ruwa.

Da aka fito da shi aka miƙar, hannuna ya tafi kan makulli kai tsaye, wai in gwada in ga ko na tsira. Malam ya buge min hannu, ba da wasa ba kuma, ya ce buɗe murfi tukuna. Na buɗe, ruwa ya zubo min a takalmi. Robar bakin murfin ce ta naɗe ta shige ciki wajen tsawon ɗan yatsa, ita ce ta sa maƙallin ya yi tauri, ni kuma maimakon in tambayi dalili na sa ƙarfi. Ya ce cire fulogi duka huɗu. Na cire, na uku da na huɗu a jiƙe. Ya sa na cire wayar wuta dan kar tartsatsi ya haɗu da tururin fetur, ya ce juya fulawil, faifan ƙarfen nan na saman inji, da hannu tukuna, na juya, sai ga ruwa ya yi tsartuwa daga ramin fulogi na huɗu ya same ni a ƙirji. Bai yi min faɗa ba, kwanrod ɗin jiya kawai ya ɗauko ya ajiye kusa da ni a kan benci ya tafi shan shayinsa. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Sauran yinin a kan injin nan na ƙare shi, kuma gaskiya na fi koyon abu a nan fiye da duk abun da aka rubuta a allo. Na yi ta juya shi har ruwan ya daina fita, na fesa mai a kowace silinda, na zare sandar gwajin mai na ga ta fito fari-fari kamar an dama madara, alamar ruwa ya haɗu da baƙin mai ke nan, na juye na sa sabo da sabuwar filta, na busar da kowane soket na wayoyi da iska, na tada shi ya yi zafi na sake juyewa, sai a karo na uku man ya fito da kalarsa. Wannan fa ruwan tanki ne mai daɗi. Da na teku ne, malam ya ce, sai an fara wanke komai da ruwan daɗi, kuma a ranar za a yi ba gobe ba, dan da ƙarfen ciki ya sha gishiri ya sha iska tsatsa ta fara ke nan cikin awoyi. Har ya ce in ka san ba za ka samu taɓa shi da wuri ba gara ka bar shi a nutse cikin ruwan daɗi da ka ajiye shi a fili yana shan iska. Wannan ma ya saɓa wa hankalina na da, amma da na yi tunani na ga haka ne, tsatsa ai iska take ci.

Rana ta uku aka sa mu cikin ruwa. Jirgin da ake kifarwa da mutane injinsa na bogi ne mai nauyin na gaske, dan ba wanda zai riƙa tsoma inji mai tsada sau goma a yini. Muka sa rigar ruwa da hular kwano da rigar ceto, mu uku muka zauna, ni a kujerar tuƙi da jar igiya a ƙafata, kuran ya kama gefe ɗaya ya fara ɗagawa. An ce mana kar ku yi tsalle, ku riƙe ku dunƙule ku tafi tare da shi. Faɗa da baki sauƙi. Lokacin da na ga ruwa ya koma gefen kunnena sama ta koma ɗayan gefen, duk jikina cewa yake saki ka gudu, kafin in gama shawara ji na yi ɗum, duhu, sanyi ya shiga har cikin haƙorana. Na ɗago kai na samu kaina a cikin iskar da ta maƙale ƙarƙashin jirgin, wani haske mai ruwan lemo yana ratsowa ta tiyon gefe, numfashinmu na amsa-kuwwa kamar a cikin randa. Abun farko ƙirga kai, na kira su suka amsa, mu uku cif. Sannan ɗaya bayan ɗaya muka kama igiyar gefe muka nutsa muka fita, kuma fitar ma aiki ce dan rigar ceto sama take tura ka kai kuma ƙasa kake so ka bi ta ƙarƙashin tiyo.

A waje doka ɗaya ce, kar hannunka ya rabu da jirgi, dan a teku iska tana tura jirgin da ya kife fiye da yanda mutum zai iya iyo ya kamo shi. Muka bi igiya har baya, can na ga ƙafar injin a tsaye farfela na kallon sama, na tuna mazurarin malam. Aka warware doguwar igiyar da ke baya, biyun suka bi ta suka yi nisa, ni na tsaya na laluba hannun da ake ja ya hura jakar miƙar da jirgi, wanda ke jikin bangon baya, na tabbatar ba kowa a gefe, na ja. Tukunyar gas ta buɗe da wata irin ƙara a ƙarƙashin ruwa, jakar da ke kan ƙarfen baya ta fara kumbura a can ƙasa tana neman sama, ni kuma na ja da baya da sauri a kan igiya. Jirgin ya ɗan tsaya kamar yana shawara, gindinsa ya ɗaga, sannan ya mirgina gaba ɗaya ya faɗo da cikinsa ya watsa mana ruwa a fuska. Muka hau ta baya kusa da inji, nan ne ya fi ƙasa, na farko ya ja na biyu.

Da yamma aka maimaita da ainihin jirgin mai inji na gaske, amma ba kowa a ciki lokacin kifarwar, muna ruwa muna jira, kuma ni aka ce in rufe murfin tun a kan tudu. Wannan karon sai da na bi robar nan da yatsa ta zagaye sau biyu, na shafa mata ɗan giris ɗin silikon, kowane maƙalli na saurari yanda ya shiga. Aka kifar, na zuba wa bayan jirgin ido ina neman carbin kumfa, ban ga ko ɗaya ba. Muka ja hannu ya miƙe muka hau. Malam na cikin wani jirgin a gefe yana kallo, ni kuma na bi abun da aka koya mana a jere, mutane lafiya, ba igiya a kusa da farfela, ba warin fetur, giya a furi, sannan na ɗan dakata dan baƙin mai ya gangara ya koma kaskonsa, wannan jiran na ɗan lokaci ne amma da jiƙaƙƙen jiki da idon mutane a kanka sai ka ji kamar shekara. Na ɗan taɓa sitata kaɗan in ji ko zai juya ba tare da turjiya ba, ya juya sumul. Na murɗa sosai, yana juyawa yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Gabana ya faɗi, na ce shikenan na sake yin wata ɓarnar, har na fara miƙa hannu wajen murfi. Sai na ji abokin aikina na baya yana dariya yana nuna ƙafata. Jar igiyar tana nan tana lilo a gwiwata, ban mayar da ita makunninta ba.

Na maƙala ta, na murɗa, ya yi tari sau biyu ya kama, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayan jirgin na ɗan lokaci, ragowar man da ya leƙa inda bai kamata ba ne ke ƙonewa, sannan ya washe. Na leƙa na ga ɗan ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta gefe yanda ya kamata. Malam ya ɗaga hannu ya nuna min in zagaya, na sa giya muka yi zagaye biyu a hankali kafin na ba shi wuta.

Da na koma jirginmu, tun kafin in ajiye jaka na hau inda jirgin ceton ke rataye na buɗe murfin injinsa. Bawul ɗin iska gishiri ya ɗan kama shi, sai da na tura da yatsa sau uku kafin ya faɗo, robar murfin kuma ta bushe ta tsage a kusurwa biyu, da alama tun da aka kawo shi ba wanda ya bi ta da hannu, ana dai tada shi duk sati a ji ƙara a rubuta a littafi lafiya lau. Na wanke bawul ɗin da ruwan daɗi har ya koma yana ƙas da kansa, na sauka na rubuta takardar neman sabuwar roba guda biyu na kai wa babban injiniya. Ya karanta ya ce biyu kuma na me, na ce ɗaya a sa ɗaya a ajiye. Ya sa hannu.